Girar Ido

A gindin dutsen Kanoma, ta gabas,
inda turbar awaki ke ƙarewa,
akwai idon ruwa, muna ce masa Na-Tumba.
Tumba kakata ce. Ba ita ta haƙa ba,
ta dai fi kowa sammakon zuwa.

Malmo uku ne suka yi masa rumfa.
Giyayya na tsaye, ƙafarta cikin laka,
ɓaure ya tsaga dutse da saiwa
kamar mai ɓare gyaɗa.
Ko a tsakar bazara, in ka kutsa,
sai sanyi ya dafa maka ƙeya.
Birai su sha kanya, su jefo mana ƙwallon,
hasbiya ta kurɓa, ta ɗaga kai, ta ƙara.

Tumba takan ce, "Ido ne, itacen nan girarsa,
wanda ya aske gira ya kira hakiya."
Mu yi ta dariya, bakinmu baƙi da ɗinya.

Shekarar da ciwo ya kayar da Baba Nomau,
asibitin Gusau suka rubuto kuɗi
a ƙyallen takardar da bai kai tafin hannu ba.
Na wasa gatari, ban shawarci kowa ba.
Malmo na fari ya kwana biyu yana gardama,
sauran ba su ja ba.
Buhu goma sha bakwai na gawayi,
mota ta kwashe a bakin titin Maru.
Baba ya tashi, ya ƙara damina huɗu.
Kada a tambaye ni ko na yi nadama.

Da aka ga na sara ban mutu ba,
kowa ya tuna yana da gatari.

Ido, wa ka raina? Yau na san amsar.
Yana ɗiga kamar mai kunyar kuka,
mata na kankarar yashi da moɗa,
jarkoki a jere tun asuba.

Bana na dasa malmo tara, biyar sun kama.
Na kewaye su da ƙayar sarƙaƙiya,
ina ɗauko musu ruwa daga famfon makaranta.
'Yata, takwarar Tumba, na biye da ni da ɗan galan.
Jiya ta ce, "Baba, ido ake kai wa ruwa?"
Na ce, "Bashi ne. Zuba a hankali."