Jar Akuya Ba Ta San Ja Ba

Shekara arba'in ina jiƙa karan dafi,
rini ya shige mini har ƙarƙashin farce.
Ko fitila ta mutu
ina sanin jan da ya nuna da wanda ya yi saura.

Sai ga Marwanu, autana.
Na ce ya miƙo mini jar fata,
ya miƙo tsanwa.
Na ce, da sana'ar kakanka kake wasa?
Ya ce, Baba, ai duk ɗai na.
Na murɗe masa kunne a gaban masu ciniki,
idonsa ya kaɗa ya yi jawur,
jan da ko madubi aka ba shi ba zai gani ba.

A asibitin koyarwa likita ya buɗe wani littafi
mai ɗige-ɗige kamar bayan zabuwa.
Ni tun daga bakin ƙofa na hango saba'in da huɗu.
Yaro ya ƙura ido, ya karkata kai,
ya ce tsakuwa ce aka zubar.
Likita ya ce ba ciwo ba ne, halitta ce,
ba allura, ba ƙwaya.
Muka tako har gida ba wanda ya ce uffan,
ina ƙirga kunnuwan da na murɗe a banza.

Ran Juma'a Luba ta zo cin tuwo,
ɗiyar ƙanena, mai karatun likitan dabbobi.
Ta ji labari, ta ajiye loma,
ta nuna akuyar da ke turke tana tuƙa.
Ta ce, Baffa, ka ga wannan
da fatarta ta kai sunan Sakkwato bayan teku?
Ba ta taɓa sanin ita ja ce ba.
Haka kare, haka jaki.
Bijimin Kara da ake cewa ya tsani jan zane,
kaɗawar zanen ce ke tunzura shi.

Sannan ta ɗaga kai sama.
Wata shaya na gyaran gashi a kan dogon yaro.
Ta ce, idonka tukunya uku gare shi,
da su yake haɗa duk rinin duniya.
Nata huɗu ne.
A fiffiken mijinta akwai wani launi
da ba baba, ba gangamau, ba kuloko,
ba shi da suna a Hausa,
ba shi da suna a bakin kowane ɗan Adam.

Da la'asar na tafi Kwalkwalawa ni kaɗai.
Balbelu na sauka a kan shinkafa,
farare fat, in ji ni.
Wa ya sani ko su a junansu
riguna masu aska takwas suke gani?
Hankaka ya wuce, na ce baƙi da fari,
na ji kamar dariya ya yi mini.
Ashe a garin tsuntsaye
ni ma sai da ɗan jagora.

Yanzu ina rubuta jim a bayan kowace jar fata.
Marwanu ke yanka, shi ke ɗinki.
Yatsansa na gano tabon ƙaya
inda kyan rini ya rufe mini ido.

Jiya yana zare zare a baki ya ce,
Baba, wai yaya ja yake?
Na ce kamar barkono.
Na ce a'a, kamar garwashi in an hura.
Na ce dakata.
Na fita tsakar gida,
shayar nan tana nan a reshenta.
Na ce, ke fa, yaya na huɗun yake?
Ta dube ni da ido ɗaya,
ta karkaɗe fiffike,
ta tashi.