Buhun Bara

Kibiya uku na karya a jikin darbejiya
kafin in yi hankali.
Ta huɗu ta tsallake danga
ta fasa randar Inna Dudu,
ruwan yini guda ya malale a tsakar gida.
Sefa dubu biyu na biya a kasuwar Pitowa,
ban da baƙar maganar da na sha kyauta.

Sai na ce bari in yi wa kibiya masauki.

Na fara da damin ciyawa,
na jingine shi bayan rumbu.
Kafin asuba awakin Jatau sun yi walima.
Igiya kaɗai suka bar min,
ita ma sun ɗanɗana.

Akwai buhun takin auduga da damina ta bari,
baki a yage, gindi lafiya lau.
Na kakkaɓe shi na nufi shagon Cindo tela.
Ya ce, share ƙarƙashin keke,
duk abin da tsintsiya ta tara naka ne.
Na dawo da ƙyallaye tuli,
na ƙara da gidan sauron da ɓera ya yi wa taga,
da ledojin da iska ta rataye a ƙaya,
da audugar da manyan motoci ke zubarwa
a bakin hanyar Garwa.

Na cusa, na danna da taɓarya,
na hau na tattaka kamar mai kwaɓin gini.
In ka ga ya cika, ƙarya yake yi,
ƙara masa.
Sai da ya yi tauri kamar cinyar bajimi
na ɗinke bakinsa da basilla da igiyar rama.
Ko dala ban kashe ba,
sai gumi, sai goro ɗaya na Cindo.

Na ɗauki gawayi na zana zobe,
zobe cikin zobe, har uku.
Baba Barau na zaune kan turmi,
ido ya yi hazo amma bai mutu ba.
Ya ce, shekara arba'in ina bin dajin Binuwai,
ban taɓa ganin gada da zobe a haƙarƙari ba.

Ya goge da tafin hannu.
Ya ɗiga baƙi ɗaya, bai fi ƙwallon goruba ba.
Nan, in ji shi, bayan kafaɗa.
In ka sami cinya ka zalunce ta,
za ta ja jiki ta mutu inda ba mai ci.
Kuma ɗaga shi daga ƙasa,
rataye shi a reshe, gaban wancan suri,
ka tura shi ya yi lilo.
Nama ba ya jira ka gyara tsayuwa.

Taku ashirin na ƙirga da baya.
Na ja tsirkiya har kunne,
ta zane ni a hannu, kibiya ta shiga suri.
Ta biyu ma suri.
Gara ta fito tana tambayar laifinta.
Ta bakwai ce ta ce dif.
Na zare ta da yatsa biyu,
tsininta bai lanƙwasa ba, gorarta ba ta tsage ba.

Wata guda ke nan.
Fuskar buhu ta zama rariya, na juya masa ƙeya.
Har yau ko zomo ban kawo gida ba,
kwari dai a cike yake dawowa.

Jiya wani ƙyalle rawaya ya leƙo ta wata huda.
Inna Dudu ta hango ta saman danga,
ta dafe ƙirji:
Ai ragowar zanena ne na salla!
Yaron nan, ka gama da randa,
yanzu kuma ni kake bara?