Layin Ungulu

Asabar, kafin rana ta taɓa Kufena,
muka ɗauki littafin ƙungiya zuwa kwata.
Ladidi na ƙirga, ni ina rubutawa.

Balbela ashirin da ɗaya.
Hankaki sun ƙi tsayawa a ƙirga su.
Shirwa huɗu bisa rimi.
Ungulu...
Ladidi ta sauke madubin hangen nesa.

Baba Ɗantala ya goge wuƙa a cinya:
"Da can sai mun kore su da sanda
kafin mu feɗe sa.
Yanzu kawunansu na kasuwa a shanye,
kai guda kuɗin tunkiya."

An ce ungulu ba ta jewar banza.
Yau jewar ma babu.

Na rubuta sifili.
Ban soke layin ba,
mako mai zuwa ma akwai Asabar.