Mai Sharar Zauren Wasanni a Tiriyeste

Shekara ashirin da biyu ina sharar wannan zaure.
Na san gumin 'yan ƙwallon kwando,
na goge jinin haɓon 'yan dambe,
na san kukan katako a ƙarƙashin takalmi.

Ranar Litinin aka naɗe raga,
aka jera tebur ɗari da sittin,
kowanne da koren mayafi
da allon katako da ya raba shi a karkace,
don kada aboki ya karanta fuskar abokinsa.
Na ce, "Ottavio, yau ka huta,
masu karta ba sa zubar da komai."

Tutoci arba'in suka rataya a sama,
babu ganga, babu ihu, babu tafi.
Mutum ɗari shida sun yi tsit
kamar masu jiran likita ya fito.
Iskar teku kaɗai ke bugun taga.

Dimitri mai gadin ƙofa ya taɓe baki:
"Wannan ne wasa?
Kakata ma ta iya zama a kujera."
Ban tanka ba. Kaka nake kallo.

Torunn sunanta, daga Norwe,
shekara saba'in da huɗu,
da sanda jingine a gwiwa.
Abokin wasanta, Sindre, bai rufa ashirin ba,
yana can bayan allo, ba ta ganinsa.
Tire ne ke kai musu magana ta ƙasan katako,
ya tafi, ya dawo:
zuciya ɗaya, mashi biyu,
zuciya shida.
Ciniki ne ba kuɗi,
alkawari ne da za a cika da ganye goma sha uku.

Sai Sindre ya baje kartarsa a fili,
ya naɗe hannu.
A nan garin, mai yin haka "mamaci" muke ce masa:
yana zaune, yana gani,
ba shi da ta cewa.

Torunn ta yi minti tara ba ta motsa ba.
Na ƙirga, don tsintsiyata ma ta tsaya.
Sarauniya ɗaya ta ɓuya,
ko a hannun ɗan Poland, ko a na ɗan'uwansa.
Na ga jijiya na harbawa a wuyanta,
irin wadda na gani a wuyan ɗan dambe
a turmi na ƙarshe.
Ta saki ƙaramar karta.
Sarauniya ta faɗo.
Ɗan Poland ya sunkuyar da kai, shi ke nan tafin.

Da yamma wata mai farar riga ta tare ta,
da 'yar kwalba a hannu:
gwajin ƙwaya, kamar yadda ake wa 'yan tsere.
Torunn ta yi dariya har sandarta ta faɗi.
Na ɗauko mata.
Ta ce, cikin Italiyanci mai ɗingishi,
"Shekara arba'in da ɗaya mijina ke bayan allon nan.
Ban taɓa ganin fuskarsa a wasa ba,
ban kuma taɓa rasa abin da yake nufi ba.
Bara ya baje kartarsa.
Yaron nan na koyo. Yana da gaggawa."

Can a ofisoshi ana ta gardama,
a kira shi wasa ko a kira shi hira,
a ba shi lamba ko a bar shi a falo.
Ni dai ma'aunina tsumma ne.

Da dare, da na zo goge tebur na sha bakwai,
na tarar da shatin tafin hannu a koren mayafin,
jiƙe sharkaf.
Na kira Dimitri, na ce ya taɓa.
Ya taɓa. Ya goge yatsa a wando.
Bai ce komai ba,
ya je ya kashe fitilu.