Ƙwai Uku a Littafina

Ni ke riƙe da littafin maki a Andaza,
fensir a kunne, kujerar roba a gindin ɗorawa.
Abin da ya faru nake rubutawa.
Dalilin faruwarsa, ba a ja masa layi ba.

Lurwanu ya shiga ranar Laraba.
Jifa ɗaya, turaku uku suka watse
kamar an kori kaji daga kan shanya.
Na zana masa ƙwai.
Ya wuce ta gabana, bai ɗaga kai ba.

Asabar ƙwallo ta ci karo da tsakuwa,
ta yi tsallen kwaɗo, ta bi ta ƙarƙashin sanda.
Filinmu ai gonar gyaɗa ce aka daddaɓe,
kowa ya san halinta,
sai baƙin Dutse, da ba su taɓa taka ta ba.

Su uku ne masu zaɓen, a farar mota,
da takarda mai gida-gida da ruwan gora.
Babbansu Malam Badamasi mutumin kirki ne,
ya gaida kowa, har ya tambayi lafiyar shuka.
Tafin hannun yaron ne bai tambaya ba.
Da ya buɗe, da ya ga kanta ta fashe:
tun asuba yake jan guga a fadama,
albasar babansa ba ta san ana kurket ba.

Na ukun laifinsa ne, ba na kare shi.
Tsoro ya riga shi shiga fili.
Wanda maciji ya sara, tsumma ma abin gudu ne:
ya kai duka, ƙwallo ba ta ma iso ba.

Na ce, Malam, juya baya, shafi tara kacal.
Bara a Kiyawa saba'in da huɗu ya ci,
har ɗaya ta faɗa kaskon mai ƙosai,
ta biyo mu da ludayi, muna ba ta haƙuri.
Ya yi murmushi, ya rufe mini littafina.
Ya ce damunar bara ba ta cika rumbun bana.
Na buɗe baki, amsa ba ta fito ba.

Don ga Namadi can a ƙarshen benci,
shekara biyu yana jigilar ruwa da turaku,
ya wanke farar rigarsa, ya goge da gawayi,
duk wasa, duk wasa, ba a kira shi ba.
Gurbi sha ɗaya ne, yara ashirin da biyu.
Igiyar da za ka ƙara wa wannan,
daga wuyan wancan za ka yanko.
Wannan lissafin, ban iya shi ba.

Amma mu nan mun saba da binne:
mu zuba iri a busasshiyar ƙasa, mu koma gida,
kwana goma, kwana ashirin, muna duban gabas.
Ba mu tone rami ran na uku
mu ce gero ya ci amana ba.
Sau nawa ake jiran mutum?
Uku ne? Biyar? Wa ya yanke?
Na tambayi alƙalin wasa, shi ma bai sani ba.

Mota ta tafi da Namadi, na yi masa murna,
har na cusa masa ɗari biyar a aljihu.

Da magariba ta gabato na bi ta bayan rumbunsu.
Ƙanwarsa Ladiyo ke jifa da goruba,
shi yana tare da guntun katakon ƙirya.
Tas. Tas. Tas.
Ɗaya ta haye zana, ta firgita jakin maƙwabta.
Babu mai tafi, babu farar mota.
Na tsaya na ƙirga har talatin da shida,
kira ya tashi a masallaci, bai kuskure ba.

Na dawo gida na fiƙe fensir.
A sabon shafi na sa sunansa a sama,
na bar gabansa fari.
Littafin na nan kan tabarma, ban rufe ba.