Taragon Baya

Jirgin ƙasa bai taɓa shigowa Sakkwato ba,
amma kullum da magariba yana tashi
daga rumfar Mani mai gyaran janareta, a Mabera.

Ya ja igiya sau uku, inji ya yi tari, ya kama.
Ya ce: haka nawa yake yi,
can taragon ƙarshe, hanyar Ƙauran Namoda.
Kan jirgi na gaba yana cin kwal, yana huci,
yara na ɗaga masa hannu kowace tasha.
Ni wa ya san da ni?
Daga ni sai galan sai tsumma,
can na baro kunnena na hagu.

Amma ƙwan da ke bisa kan mai jego
tana laluben bakin jariri da tsakar dare,
ni ne.
Ruwan zafin da aka dama wa tsoho koko, ni ne.

Sau ɗaya bel ya tsinke dab da Gusau.
Tarago tara suka yi dunɗum.
Ranar aka tambayi sunana.

Mai shayi na tsaye yana jiran injinsa.
Mani ya shafe hannu a gaban riga,
ya ce: ɗari biyar, kuma ka sauya mai kafin Juma'a.