Kogin da Aka Shafe

Ɗarin bana ya shigo Yelwa ta bakin ruwa,
ya tarar da jirgin Arzika kife a kan yashi,
shekara ta uku, gara ta fara ɗanɗana bakinsa.

Akawun gidan waya ya karanta mini takardar sau biyu.
"Baba, muna gaɓar kogin..." sai ya yi shiru.
Wai Bature ya bi sunan da tawada.
Na karɓa, na ɗaga ta ga rana,
ni da ban san baƙi ba balle wasali.

Ɗan Sarkawa, wai akwatin harsashi yake ɗauka a ka.
Ya ce kifin Bama ƙaya ne zalla.
Ya ce kada a sayar da komarsa.

Gishiri ya yi tsada, kananzir ya ɓuya.
A kasuwa ana cewa Jamus ta kusa durƙusawa.
To, ni ba can aka kai nawa ba.

Da dare ina ɗinkin koma a bakin wuta,
ina gwada kogunan da na sani a gurbin nan:
Kwara, Gulbin Ka, Malendo.
Faɗinsa bai wuce babban yatsana ba,
amma na kasa haye shi.